Sharhina a kan Uno, katin da muke fita da shi ranar Lahadi

Jama'a yau a kan Uno zan yi magana, wasan katin nan da ni da abokaina muke tafiya da shi duk Lahadin da muka samu muka haɗu a cikin gari. Matsalar fita da abokai ranar hutu ai kowa ya san ta, a yi ta tsari za mu je nan za mu je can, ƙarshe a samu inuwa a wurin shaƙatawa a zauna, a gaisa, a ɗan taɓa hirar aiki, can sai ka ga kowa ya zaro waya ya sunkuyar da kai. Uno ya yi mana maganin wannan, don ba yadda za a yi ka riƙe kati bakwai kana kuma latse-latse, kana ɗauke ido wasa ya wuce ka.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ɗan ƙaramin kwali ne da zai shiga jaka ko ma babban aljihu. Na tsohon tsari kati 108 ne, sababbin kuma akwai masu 112. Kala huɗu ne, ja, rawaya, kore da shuɗi, da lambobi daga 0 zuwa 9, sai masu haɗa rigimar: katin da ke tsallake na kusa da kai, wanda ke juya zagayen baya, +2 mai sa na kusa da kai ya ja kati biyu, sannan baƙaƙe masu canza kala, huɗu daga ciki su ne +4 masu sa na kusa da kai ya ja huɗu. Mutum 2 zuwa 10 za su iya yi, a raba bakwai-bakwai, ka ajiye wanda ya dace da na saman tulin tsakiya a kala ko lamba, in saura ɗaya a hannunka ka ce Uno da ƙarfi, in ka manta aka kama ka sai ka ɗauki biyu. Shikenan. Wanda bai taɓa yi ba zagaye ɗaya ya ishe shi ya gane, kuma babu zancen kuɗi a ciki ko kaɗan, nishaɗi ne kawai.

Wani mai aski ne ya ƙirƙire shi a jihar Ohio ta Amurka a 1971, Merle Robbins, har a shagon askinsa ya fara sayarwa, daga baya a 1992 ya koma hannun kamfanin Mattel. Wasa ne da aka yi don iyali su zagaye tebur, kuma wallahi ana jin hakan a jikinsa, don baya cinye hira. Kana jiran layinka kana sauraron labarin wanda zai yi aure ko wanda ya canza aiki, wani ya tashi ya miƙe ƙafa ya dawo wasa bai lalace ba.

To inda nake so in tsaya shi ne maganar dokoki, don nan ne daɗin ranar yake gyaruwa ko ya ɓaci. Kusan kowa ya zo da irin tasa dokar da ya koya a wani wuri, kuma wadda ta fi yawa ita ce ta ɗora +2 a kan +2, ko +2 a kan +4, a yi ta turawa har ta faɗa kan mutum ɗaya. Wannan babu shi a takardar da ke cikin kwalin, har shafin Uno na Twitter sai da ya fito a 2019 ya ce ba a yin haka. Mun gwada duka biyun kuma ni dai ina bayan takarda. In ana ɗorawa sai ka ga mutum ɗaya ya kwashi tulin kati ya kasa ma riƙewa, ya san babu sauran fata, fuskarsa ta canza, zagayen kuma ya yi ta ja ba ya ƙarewa. A dokar asali in ba ka da abin ajiyewa kati ɗaya tak za ka ja, ba wai ka yi ta ja har sai ka samu ba, shi ya sa wasan ke tafiya da sauri kowa kuma yana ciki har ƙarshe.

Akwai wata doka da mutane da yawa ba su sani ba alhali ita ta fi daɗi. Ba a yarda ka ajiye +4 ba sai in ba ka da kalar da ake kai. In aka ajiye maka kana zargin akwai ha'inci za ka iya cewa a nuna maka hannu, in ka yi gaskiya shi zai ɗauki huɗun, in ka yi kuskure kai za ka ɗauki shida. Nan ne za ka ga abokan da suka san juna shekara da shekaru suna kallon idon juna ana son gane wa ke ɓoye murmushi, dariyar da ake yi a wurin nan ba a magana.

Ba zan ce komai lafiya lau ba ne a waje. Iska na kwashe kati, sai mun nemi abu mai nauyi mun danne tulin tsakiya, kuma tebur mai jiƙa ba ya yi da katin takarda sam. In rana ta fara faɗuwa kore da shuɗi sukan rikita mutum, akwai ma bugun ColorADD da ya fito a 2017 mai alamomi don waɗanda ba sa bambance kala. Mutum biyu babu armashi, in kuma kun kai goma jiran layi ya yi yawa, a ganina huɗu zuwa shida ya fi.

Lissafin maki kuwa, katin lamba makinsa lambarsa, su tsallake da +2 maki 20, baƙaƙe 50, wanda ya fara kai 500 ya ci. Mu ba ma bin wannan ranar Lahadi don yana ɗaukar lokaci kuma sai an sa wani ya zama akawu, zagaye-zagaye kawai muke yi, in mun gaji mu tattara mu taka da ƙafa mu zaga gari kafin kowa ya kama hanyar gida. In za ku saya dan Allah kar ku yar da takardar dokokin, ku sa ta cikin kwalin ku ɗaure da roba, kuma ku daidaita a kan maganar +2 tun kafin a raba kati.