Gwajin Bakin Mahaifa a Asibitin Unguwarmu: Sista Ta Iya Aiki, Littafin Rajista Ne Matsala

Duk macen da ta kai shekara 30 kuma ba a taɓa duba mata bakin mahaifa ba, ina ba ta shawara ta je. Asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu a nan Kano ya ware ranar Laraba don wannan gwaji na gano alamun ciwon daji na bakin mahaifa tun da wuri, kyauta ne, kuɗin kati kawai za ki biya. Na je tare da maƙwabciyata, kuma na gamsu da aikin, sai dai ina da ƙorafi biyu, ɗaya ƙarami ɗaya babba. Aikina ajiye katin marasa lafiya ne a wani asibitin kuɗi, saboda haka idona yakan faɗa inda na wasu ba ya zuwa.

Kafin a shiga ciki, wata ma'aikaciya tana zaune a bakin ƙofa tana tambayoyi: shekarunki nawa, haihuwa nawa, yaushe kika ga al'ada ta ƙarshe, ko kina zaton ciki, ko kina ganin jini bayan kwanciyar aure. Daga nan sai ɗakin Sista. Za ki hau gado, ta sa wani ƙarfe mai kama da bakin agwagwa ta buɗe gaba, ta dangwalo ruwan khal da auduga ta shafa a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya tana kallon agogon hannunta. Wurin da ya fara lalacewa yakan yi fari fat, lafiyayye kuwa ba ya canza launi. Ranar babu wuta, amma fitila ce ɗaure a goshinta, don haka aiki bai tsaya ba. Ƙarfen yana da sanyi, khal ɗin yana ɗan yin zafi-zafi, iyakar abin ke nan. Da ta ga na ƙanƙame jiki sai ta ce, "Hajiya, saki jikinki, ki ja numfashi ta baki, ai haihuwa ta fi wannan." Kafin in sauko daga gadon ta gaya mini lafiya lau nake, in dawo bayan shekara 3.

Maƙwabciyata ce aka ga fari a nata. Ta fito jikinta yana rawa, a zatonta an ce tana da ciwon daji. Sista ta zaunar da ita ta yi mata bayani dalla-dalla cewa wannan ba daji ba ne tukuna, alama ce ta abin da kan iya zama daji bayan shekara 10 ko 20 idan aka ƙyale shi. A ranar aka yi mata magani da wata 'yar na'ura mai caji, wadda bakinta yake ɗaukar zafi har maki 100 a ma'aunin Celsius, a ɗora a wurin ƙasa da minti ɗaya a ƙone shi. Aka ce za ta ga ruwa yana fita na 'yan makonni, kuma ta ƙaurace wa shimfiɗa har mako 4. Nan ta yi shiru, can ta ce, "Sista, shi maigidan fa, wa zai gaya masa?" Sista ta karɓi lambarsa ta kira shi a gabanmu, ta gaishe shi da "Alhaji, barka da aiki", ta yi masa bayani cikin ladabi ba tare da ta tona abin da bai kamata ba. Wannan kiran waya shi ya fi burge ni a duk ranar, domin mata da yawa a kan wannan gaɓar maganinsu yake rushewa.

Wata a layi ta ce wai ruwan khal aikin talakawa ne, masu kuɗi na'ura ake sa musu. Akwai gaskiya a maganarta, amma ba haka kawai wani ya tashi ya ƙirƙiro shi ba. Likitoci sun ƙarar da rayuwarsu a kan wannan ciwo. A 1983 da 1984 Harald zur Hausen na Jamus ya gano nau'i na 16 da na 18 na ƙwayar HPV, ƙwayar cuta da ake ɗauka ta hanyar saduwa, a cikin sankarar bakin mahaifa, abin da ya ba shi kyautar Nobel a 2008. Sai dai ganin ƙwaya a ɗakin bincike daban, tabbatar da cewa ita ke kashe mata a duniya daban. Wannan aikin wata likita 'yar Kolambiya, Nubia Muñoz, ta ɗauka a cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa. Ta fara da kwatanta mata masu ciwon da marasa shi a ƙasarta da Sifen, daga baya aikin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. A 1995 cibiyar ta ayyana nau'o'in nan biyu a matsayin masu jawo daji, kuma su kaɗai ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na ciwon.

Shi kuwa gwajin khal, wani likita ɗan Indiya, Rengaswamy Sankaranarayanan, yana cikin waɗanda suka auna shi a ƙauyuka. A gundumar Dindigul ta Indiya ya bi mata wajen 80,000, sakamakon da ya fito a 2007 ya nuna mace-mace sun ragu da kashi 35 cikin 100 a ƙauyukan da aka kai gwajin. Amma shi ɗin dai, a gundumar Osmanabad ta Indiya, cikin mata sama da 130,000, ya samu a 2009 cewa gwajin ƙwayar HPV ya rage mutuwa da kusan rabi, na khal kuwa bai yi wani tasirin a zo a gani ba. Abin da na fahimta shi ne gwajin khal yana tafiya ne da idon mai dubawa da horon da ta samu. Tamu Sistar idonta ya ƙware. Ranar da aka yi mata canjin wurin aiki fa?

Ƙaramin ƙorafina labule ne. Gajere ne, iska tana ɗaga shi, masu jira suna jin duk abin da ake faɗa a ciki. Yadi biyu zai magance wannan.

Babban kuwa littafin rajista ne, kuma a nan raina ya ɓaci. Littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, an ja layi da biro, bangonsa ya fara fita. An rubuta sunana da shekaruna, aka bar gurbin lambar waya da na unguwa babu komai. Na leƙa shafukan baya na ga wasu layukan babu sakamako sam. Na tambayi mai rubutun yadda za su nemo matar da aka ƙona wa wuri idan shekara ta zagayo ba ta dawo ba, sai ta ce, "Ai za ta dawo in Allah ya so." Na sake tambaya game da wadda aka ga abin ya yi nisa aka tura babban asibiti, ko ana bin sawu a ji ta je. Ta ce ba aikinsu ba ne. Duk alƙaluman da na kawo a sama, ta hanyar rubutu aka same su: suna, ƙauye, kwanan wata, sakamako, sannan a koma bayan shekaru a ga wa ke raye. Ana ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 12,000 suka kamu da wannan ciwo a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu, kuma burin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kafin 2030 a gwada kashi 70 cikin 100 na mata, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani. Da irin wannan littafi, asibitin ba zai iya faɗin ko mata nawa ya warkar a bara ba, balle jiha ta haɗa lissafi.

A asibitin kuma ana yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV, wanda Najeriya ta fara a Oktoban 2023, allura ɗaya tak. Dalilin da ya sa aka san ɗaya ta isa ma yana da alaƙa da likitan nan na Indiya: a wani bincikensa an dakatar da allurar a 2010 bayan wasu 'yan mata sun karɓi guda ɗaya kawai, aka ci gaba da bibiyarsu shekara da shekaru, aka ga kariyarsu ba ta gaza ta masu biyu ko uku ba.

Idan za ki je, kada ki je kina al'ada, ki ɗaura zani maimakon doguwar riga mai matsewa, ki yi sammako domin kafin azahar Sista ta gaji kuma cajin na'urar ya yi ƙasa. Mai ɗauke da HIV ta fara tun tana shekara 25, don haɗarinta ya ninka har sau 6. Wadda al'ada ta ɗauke mata, khal ba ya nuna nata sosai, ta nemi a tura ta inda ake ɗaukar samfuri. Kuma kada ki tashi daga gaban mai rajista sai ta rubuta lambar wayarki, ta kuma rubuta miki sakamako da ranar dawowa a bayan katinki.