Aljinet, kaitosan ko Carbopol: wane jel ya dace da maganinka?

Mai neman tantanin jel da zai riƙe magani ko furotin ya riƙa sakinsa sannu a hankali yakan fara da tambayar girman ƙofofin tantanin. Tambaya ce mai kyau, amma akwai wadda ta riga ta: wane caji furotin ɗin yake ɗauke da shi a yanayin da za a yi aiki da shi? A pH (ma'aunin tsami) 7.4 na jini, furotin irin su albumin da insulin cajin lantarkinsu negatif ne, shi kuwa laisozim, furotin da ke cikin hawaye da farin ƙwai, fositif. Jel mai caji iri ɗaya da furotin ture shi yake yi, mai kishiyar caji kuma ya kama shi gam.

Aljinet shi ne mafi sauƙin sha'ani. Daga ciyawar teku ake samunsa, cajinsa negatif, kuma da an ɗiga shi cikin ruwan kalsiyam sai ya daskare, ba wuta ba sinadari mai ƙarfi, abin da furotin ke so ke nan. Tun 1980 masu bincike Lim da Sun suka lulluɓe ƙwayoyin da ke samar da insulin da shi. Sai dai laisozim na iya maƙalewa a ciki ya ƙi fita, kuma in ka jiƙa jel ɗin a ruwan fosfet, fosfet ɗin zai janye kalsiyam, ka dawo ka tarar ya yi laushi ya wargaje. Tambayi mai sayarwa yawan G da M, wato tubalan sukari iri biyu da suka haɗa aljinet, a ciki: mai G da yawa ya fi tauri.

Kaitosan, wanda ake yi daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, fositif ne, yana kuma manne wa jikin hanji. Amma da pH ya haura 6.5 sai cajin ya fara gushewa. Ni dai ba zan dogara da shi kaɗai a yanayin jini ba. Ya fi amfani a matsayin rufi a kan aljinet.

Idan maganin na haɗiya ne, kana so ya tsallake ciki ya buɗe a hanji, dangin Carbopol, jel da ake haɗawa a masana'anta daga sinadarin akrilik, sun fi dacewa: tsamin ciki yana tsuke su, a hanji kuwa su kumbura su saki abin da suka riƙe. Agaros kuma, wani jel na ciyawar teku, kusan ba shi da caji, sai ka ajiye shi don kwatance.

Kowanne ka zaɓa, kada ka gwada shi a tataccen ruwa kawai. Gishirin jiki, kimanin kashi 0.9 cikin 100, yana dushe ƙarfin caji ƙwarai, har jel da ya riƙe furotin a ruwa zalla ya sake shi da wuri. Sayi kaɗan tukuna, ka gwada da naka furotin a gishiri da pH na inda zai yi aiki, sannan ka yi odar mai yawa.