Tiyata ko Hutu: Zaɓin Mai Jifa a Wasan Besbol

Idan jijiyar gwiwar hannun mai jifa (ɗan wasan da ke jefa wa mai sanda ƙwallo ya buga) ta tsage, hanya biyu ce a gabansa.

Ta farko tiyata ce, irin wadda Dakta Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John, mai jifan ƙungiyar Dodgers, a 1974: a ciro jijiya daga wani sashen jikinsa a dasa. Jinyar kan ci shekara guda zuwa shekara da rabi, dole ƙungiya ta nemo mai cike gurbinsa.

Ta biyu hutu da allurar ruwan jininsa a wurin tsagewar. Ita Masahiro Tanaka na ƙungiyar Yankees ya bi a 2014, ya dawo fili bayan wata biyu da rabi. Amma tasa tsagewar kaɗan ce. Wanda tasa ta tsinke gaba ɗaya, a ganina jinkirta tiyata ƙara masa wahala ne kawai.