Fentin feshi ko na hoda, wanne ya fi dacewa da rim?

Ɗan uwa da ka yi tambaya jiya cewa rim ɗin Corolla ɗinka, wato ƙarafan da taya ke zama a kai, sun koɗe duk sun yi zane, wai ka kai a fesa masu fenti ko ka yi wanga na hoda da ake gasawa, to ni duka biyun na taɓa yi.

Na feshi dai shi ne wanda masu fentin mota ke yi ko'ina a nan Katsina. A goge da samfefa, a cike inda gefen kwalbati ya ci da fila (ƙullun cike rami), a sa firaima (fentin shimfiɗa na farko), a fesa kala sannan a bi da kiliya (shafen ƙarshe mai sa sheƙi). Ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma in ya sake gogewa wurin kaɗai za a gyara. Matsalarshi gaggawa. Wani ko tayar ba zai cire ba, ya liƙa jarida ya fesa a fili iskar hunturu na kaɗawa, ƙura ta zauna cikin fentin, kafin damina ta wuce ya fara ɓarewa kamar bawon gyaɗa. Haka wani ya yi mani, na kuwa biya kuɗina cas.

Na hoda kuma dole a cire taya, a kankare tsohon fenti da injin feshin yashi har sai ƙarfe ya fito tas, a fesa hodar da bindiga mai lantarki don ta manne, sai a sa cikin oben zafi wajen digiri 180 zuwa 200 ta narke ta kama. Wallahi ya fi ƙarko, tsakuwa da ƙurar birki ba sa cin shi da wuri. Sai dai ni har Kano na kai nawa, ga kuɗin aiki ga mota ta kwana biyu bisa dutse, kuma ranar da ya ɓantare ba a yi masa faci mai kyau, sai an sake duka. Filar masu fenti ma ba ta jure zafin oben, kenan in ramin ya yi zurfi sai an nemi mai waldar alminiyom tukuna.

Ni a ganina motar da kullum tana hanyar Daura ko Jibiya ta hoda ta fi mata, in aljihu zai ɗauka. In kuwa daga Ƙofar Ƙaura zuwa ofis ne kawai ka yi feshi abinka, amma ka tsaya a kansu su cire taya, kuma ka bar shi ya bushe sosai kafin a maida.

Af, kafin komai ka sa a duba ko rim ɗin ya tsage ko ya lanƙwashe, don fenti rufe tsaga kawai zai yi iska ta ci gaba da sauka. Kada ka yarda su fesa bayan rim inda yake zama jikin mota da ramin notuna, fenti in ya yi kauri a nan noti na iya kwancewa. In an maida tayoyin a yi balansin, wato a daidaita nauyinsu.