Wasiƙar Shaida: Kawu na Abuja ko Malamin Aji?

Hajiya, kin tambaya wa ya fi dacewa ya rubuta wa ɗanki wasiƙar shaida zuwa jami'ar Amurka, kawunsa mai babban muƙami a Abuja ko malaminsa na kimiyya a nan Jos. Ni dai malamin zan zaɓa.

Kawu yana da takarda mai tambari da suna mai nauyi, kuma a gida hakan na buɗe ƙofa. Can kuwa mai duba takardun bai san shi ba, da ya gane dangi ne kuma shi ke nan, ta zama yabon gida. Me ma zai rubuta? Yaro ne mai ladabi, ɗan gidan mutunci. Ai kowa haka ake ce masa. Amfanin kawu yana wajen takardar banki, idan shi zai ɗauki nauyin karatun.

Malamin kuwa ya ga yaron a SS2 da SS3. Ya san lokacin da ya faɗi gwaji ya koma ya gyara, ya san ko shi ne ke tsayawa bayan an tashi yana koya wa 'yan ajinsu. Wannan jami'o'in suke nema, abin da sakamakon WAEC ba ya nunawa. A Common App, shafin intanet da ake neman gurbin karatu a Amurka ta cikinsa, jami'o'i da yawa kan buƙaci wasiƙa ɗaya daga mai ba ɗalibai shawara, ɗaya ko biyu daga malamai. Inda makaranta ba ta da mai ba da shawara, shugabanta ko mataimakinsa na iya tsayawa. Jami'ar MIT ta Amurka ma ta fayyace: malami ɗaya na lissafi ko kimiyya, ɗaya na harshe ko darussa irin su tarihi.

Liman, fasto ko kocin ƙwallo? Ƙari ne kawai, inda jami'ar ta yarda. Idan Ingila ce, UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'a ta hannunta, shaida ɗaya take karɓa, kuma ba daga dangi ko aboki ba.

Malamin da kansa zai tura ta intanet, ba a hannun yaro za a ba da ita ba, don haka a tabbatar imel ɗinsa na aiki. Wa'adin tura takardu na masu nema da wuri kan faɗo 1 ga Nuwamba a jami'o'i da dama, na gama-gari kuma farkon Janairu. Ki sa yaron ya same shi tun Satumba, da jerin abubuwan da ya yi a makaranta.