Golf GTI, Peugeot 308 GTi ko Civic Type R: wacce za ta iya da titunan Yamai?

Ɗan'uwa, ka ce kana shirin sayo mota ta hannu ta hanyar Lome, ƙarama mai ƙofa a baya amma irin wadda kamfani ya ƙara wa ƙarfi da gudu, kuma hankalinka ya tsaya a kan guda uku: Volkswagen Golf GTI ƙira ta bakwai, Peugeot 308 GTi, da Honda Civic Type R ta 2017. Ka kuma ce yawancin zirga-zirgarka a cikin Yamai take, sai dai kakan je Tawa ganin gida lokaci zuwa lokaci. Zaɓina a cikinsu shi ne Golf GTI mai giyar hannu, mai wili inci 17, wadda aka ƙera don kasuwar Turai, duk da cewa ita ce mafi ƙarancin ƙarfi a cikin ukun idan takarda za a bi.

Bari mu fara da takardar, tun da ita ce dillalai suke ɗora ciniki a kai. Golf GTI ta bakwai ta fito a 2013 da inji mai lita 2.0 da turbo, tana da ƙarfin dawaki 220, ko 230 a samfurin Performance, kuma bayan gyaran fuskar da aka yi mata a 2017 ƙarfin ya koma 230 da 245. Peugeot 308 GTi ta fito a 2015 da ƙaramin inji mai lita 1.6, amma aka matse shi har ya ba da dawaki 250 a samfuri ɗaya, 270 a ɗayan, ga ta kuma da rashin nauyi, don kilo 1,200 da ɗan ɗoriya take. Civic Type R ta 2017, wadda ake kira FK8, tana da lita 2.0 da dawaki 320 a ƙirar Turai. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa, Honda tana ɗaukar daƙiƙa 5.7, Peugeot mai 270 daƙiƙa 6, Golf kuwa kusan shida da rabi. Babu gardama a nan, Honda ce gaba, kuma a 2017 ta kafa tarihin motoci masu ja da tayoyin gaba a filin tseren Nürburgring na Jamus da minti 7 da daƙiƙa 43.8.

Sai dai tsakanin Yamai da Tawa babu inda za ka yi amfani da wannan fifikon. Tafiyar ta haura kilomita 500, ta Doso da Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni, sannan ka karkata arewa a Tsarnawa, kuma duk wanda ya san hanyar ya san manyan motoci da amalanken jakuna da dabbobi masu tsallakawa ba su barin mai hankali ya kusanci gudun kilomita 250 a awa da waɗannan motocin suke iya yi. Abin da ke amfanar direba a irin wannan hanya shi ne ƙarfin ja da inji ke bayarwa tun bai ɗaga murya ba, domin da shi ake wuce tirela cikin ɗan lokaci a koma hannu. A nan tazarar ta ragu ƙwarai. A ma'aunin ƙarfin ja da ake kira Nm, Golf tana ba da 350 tun injin yana juyi 1,500 a minti, Peugeot tana ba da 330 daga wajen 1,900, Honda kuwa 400 ce amma sai ta kai 2,500. Wato a gudun da mutum yake tuƙi da iyalinsa a baya, Golf ba ta jin kunya a gaban ko wacce.

Lambar da na fi so ka duba ba a injin take ba, a gefen taya take rubuce. Lamba ta farko faɗin taya ce da milimita, ta biyu kuma kaso ne cikin ɗari na wannan faɗin, shi ne tsayin robar da ke tsakanin ƙarfen wili da ƙasa. Golf ta gama-gari mai taya 195/65 R15 tana da kusan milimita 127 na roba. GTI mai 225/45 R17 tana da kusan 101, idan kuma wilinta inci 18 ne mai 225/40 sai ya sauko 90. Peugeot mai dawaki 270 tana zuwa da 235/35 R19, wato kusan 82. Honda tana zuwa da 245/30 R20, wanda bai kai milimita 74 ba. Wannan 'yar robar ita ce kaɗai ke shanye dukan bakin rami kafin ya isa ga wili da shakazoba, kuma idan ta yi siriri da yawa, rami guda da ruwan damina ya ɓoye ya isa ya kumbura gefen taya ko ya lanƙwasa wili, wani lokaci ya tsaga shi. Tayar da gefenta ya kumbura ba ta faci, sai dai sauyi. Ga shi kuma taya mai inci 17 irin ta Golf girma ne da motoci da yawa ke amfani da shi, za ka iya samunta ba tare da dogon cigiya ba, amma 245/30 R20 ba abin da za ka tsaya nema a Dogon Dutsi da yamma ba ne.

Za ka iya cewa ai sai a sauya wili a sa ƙarami. A Golf wannan abu ne mai sauƙi, domin faifan birkinta na gaba milimita 312 ne, na Performance 340, kuma inci 17 yana rufe su. A Honda faifan 350 ne da birkin Brembo, masu ita da dama suna saukowa zuwa inci 18, amma kuɗin sabbin wili huɗu da tayoyinsu ya hau kanka tun motar ba ta fara aiki ba. Peugeot ce ta fi takura mai ita, saboda faifanta na gaba a samfurin 270 milimita 380 ne, girman da ya cika cikin wilin, ya hana ka saukowa yadda kake so. Birkin nata abin yabo ne ƙwarai, amma shi ne ya ɗaure ka da siririyar taya.

Dukkansu an rage musu tsayi daga ƙasa idan aka kwatanta da 'yan'uwansu na gama-gari, GTI da milimita 15, Peugeot da 11. Ba wani abu ba ne a kan kwalta mai kyau, amma a unguwannin da titi yashi ne da jar ƙasa, da wuraren da aka gina tudun rage gudu ba bisa awo ba, leɓen gaba na Honda da fikafikan gefenta su ne za su fara shan wahala. Ka tuna hanyar ƙofar gidanka a watan Agusta kafin ka tuna babban titi.

Sai maganar mai, wadda ita ce ta fi haɗa su wuri ɗaya fiye da raba su. Injin turbo yana cusa iska da yawa cikin silinda, matsi da zafi su ƙaru, kuma idan fetur ba shi da isasshen oktan, wato ma'aunin yadda yake jure matsi, sai ya riƙa kamawa da wuta kafin lokacinsa. Kwamfutar motar tana jin wannan bugun ta jinkirta tartsatsin fulogi domin ta kare injin, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, idan kuma abin ya yi yawa fistin ne ke biyan bashin. Duka ukun suna son oktan 95 zuwa sama, kuma abin da kamfani ya nema yana rubuce a cikin murfin tanki. Bambancin shi ne yawan matsin da kowanne inji yake ciki. Golf tana fitar da dawaki 110 daga kowace lita ta girman injinta, Honda 160, Peugeot mai 270 kusan 169. Injin da aka matse har haka ba shi da sauran haƙuri idan mai ya zo da rauni a ranar da zafin Afrilu ya haura digiri 40, Golf kuwa tana da ɗan sarari. Ko wacce ka saya, man ruwa-ruwa na kwalba a bakin titi ya haramta gare ka, domin nozul ɗin waɗannan injunan suna fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai tsanani, ƙura kaɗan ko ɗigon ruwa yana lalata su. Tankin Golf lita 50 ne, na Honda bai kai haka ba, saboda haka tafiyar Tawa tana bukatar ka san gidan man da za ka tsaya tun kafin ka tashi.

Dalilin da ya sa na ce ƙirar Turai yana da alaƙa da wannan. Injin Golf na bakwai da aka yi wa Turai yana da nozul iri biyu, masu fesawa cikin silinda da masu fesawa a hanyar shigar iska, kuma na biyun suna wanke bayan bawul da fetur. Wanda aka yi wa Amurka yana da na farkon kaɗai, don haka baƙin dauɗa yana taruwa a bawul da shekaru har sai an buɗe an kankare. Injin Peugeot ma yana da wannan halin. Ƙari a kan haka, motocin Amurka da yawa da ke isowa gaɓar tekun Afirka ta Yamma daga gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya suke fitowa, kuma motar da aka saya domin gudu ba ta cika yin ƙaramin haɗari ba.

Kowacce tana da ciwon da aka san ta da shi, kuma ba zan ɓoye na Golf ba. Famfon ruwanta da gidan da yake zaune a ciki na roba ne, yana yawan fara yoyo, kuma a zafinmu yoyon ruwan lagireto ba abin da ake ɗaga wa ƙafa ba ne. Idan mai giyar DSG ce, wadda take sauya giya da kanta ta hanyar kuloci biyu, tana bukatar juyen manta na musamman duk kilomita 60,000, kuma rarrafe cikin cunkoson Katako ko bakin gadar Kennedy yana gajiyar da kulocin. Tana da daɗin tuƙi, amma ranar da ƙwaƙwalwarta ta samu matsala, gyaran ya fi ƙarfin yawancin garejinmu, shi ya sa na ce giyar hannu. Peugeot da Honda duka giyar hannu kaɗai aka yi su da ita, wannan kuma maki ne a gare su. Injin Peugeot na 1.6 THP, wanda aka ƙirƙira tare da BMW, ya yi suna da saki na kacar taimin da shan baƙin mai, ko da yake ƙirar baya-bayan nan ta fi ta farko. Injin Honda shi ne ya fi su suna wajen ƙarko, sai dai masu tsere sun yi ta kukan yana ɗaukar zafi idan aka matsa masa, har kamfanin ya faɗaɗa bakin shigar iska na gaba a 2020.

Na san sunan Peugeot yana da daraja a wurinmu. Iyayenmu sun hau 404 da 504, kuma 205 Turbo 16 ce ta lashe tseren Paris-Dakar a 1987 da 1988, zamanin da tseren yake ratsa Tenere da Agadas. Amma bakaniken da ya ƙware a 504 bai gaji sanin 308 GTi ba, kuma fistin da birki da turbo na samfurin 270 na musamman ne, ba za a ciro su daga 308 ta gama-gari ba. A nan Golf ta yi musu nisa. Ƙashin jikinta ɗaya ne da na Audi A3 da Skoda Octavia da Seat Leon, dangin injinta kuma suna cikin Passat da Tiguan da Audi A4, saboda haka abin da aka rasa a Yamai ana iya aikawa Ƙofar Ruwa a Kano ko Lome a samo. Honda kuwa kusan komai na jikinta na musamman ne, daga bamba har fitila da shakazoba masu aiki da lantarki, kuma masana'antar Swindon ta Ingila da ta ƙera ta an rufe ta a 2021. Kayan suna nan a duniya, amma oda ce daga waje da jira, kuma tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 hanyar kaya ta ƙara tsawo. Ka kuma kula kada a turo maka mai sitiyari a dama, domin da yawa daga cikinsu na Ingila da Japan ne, kuma wuce tirela da irin wannan a hanyar Ƙonni ganganci ne.

Idan maganar jin daɗin tuƙi ce zalla, zan ba Honda na ɗaya, Peugeot na biyu saboda rashin nauyinta da yadda take riƙe kwana, Golf ta zo ta uku. Amma Golf ce za ka kai yara makaranta da ita da safe, ka ɗora buhun shinkafa a bayanta mai lita 380, ba tare da bayanka ya yi ciwo ko kowa a titi ya juyo yana kallonka ba. Da ma haka aka nufe ta tun ta farko a 1976, mai dawaki 110.

Akwai kuma hanya ta huɗu da ba ka ambata ba, idan kuɗin ya gaza ko kuma kana tsoron turbo. Toyota Corolla T Sport ta farkon shekarun 2000, da 'yar'uwarta Matrix XRS ta Amurka, suna da inji mai lita 1.8 da aka yi tare da Yamaha, dawaki 192 a Corolla, babu turbo, kuma ƙarfin yana tashi ne bayan juyi 6,000. Sun tsufa, su ma suna son mai mai kyau, amma kayan ƙafarsu da na jikinsu kusan duk bakaniken Toyota ya san su.

In ka tsaya a kan Golf, kada ka biya sai an jona mata kwamfuta an karanta laifuffukan da ta ajiye, an tayar da ita da sanyin safiya an saurari ƙarar kaca, an leƙa ƙarƙashin famfon ruwa ko akwai busasshen tabon ruwan hoda. Ka tambaya ko an taɓa sauya mata manhajar inji domin ƙarin ƙarfi, in an yi ka bar ta, domin an cinye sararin nan da na ce shi ne amfaninta a kan man da za ta sha a nan. Bayan ta iso, ka riƙa juyen baƙin mai da wuri fiye da yadda littafinta ya ce, tun da an rubuta shi ne don ƙasashen da ba su san ƙurar hunturu ba, ka kuma duba matatar iska duk lokacin da ka dawo daga Tawa.