Kafin ka sayi kayan juye faifan CD zuwa rumbun sauti na gida

Da wuya ka shiga gidan dattijo a Aboabo ko Asawase ko Alabar ba ka tarar da kwali cike da faifan CD ba: karatun Alƙur'ani, tafsirin azumi, wa'azi, waƙoƙin bege, hailaif na zamanin iyaye, da waƙoƙin Hausa da fatake suka riƙa kawowa Kumasi daga Kano. Sababbin kwamfutocin cinya sun daina zuwa da ramin faifai, su kuma faya-fayan kullum ƙara karcewa suke yi. Shi ya sa mutane suka fara neman yadda za su juye su cikin na'ura ɗaya a gida, kowa ya riƙa saurare ta wayarsa. Shawarata ga mai wannan niyya ita ce kada ya bi tsada ko sunan kamfani, ya duba irin faifan da ke hannunsa tukuna, domin namu na Zango ba irin waɗanda masu ƙera na'urorin nan suka yi lissafi da su ba ne.

Fara da tantancewa. Faifan da ka saka a kwamfuta ka ga fayilolin MP3 jere a ciki, wani lokaci surori ko waƙoƙi fiye da 100, ba ya bukatar wata manhaja ta musamman, kwafa kawai za ka yi. VCD ma bidiyo ne, hanyarsa daban. Wanda ke bukatar juyewa shi ne faifan sauti na asali, irin wanda Sony da Philips suka fito da shi a 1982, mai ɗaukar minti 74 zuwa 80. A Windows za ka gan shi da 'yan ƙananan fayiloli masu ƙarewa da cda, waɗanda ko ka kwafe su ba ka kwafi sauti ba.

Ga inda matsalar take. Yawancin faifan sauti ba su ɗauke da sunan mawaƙi ko na waƙa a jikinsu. Manhaja tana ƙirga yawan waƙoƙin da tsawon kowace, ta haɗa wata lamba da su, ta tambayi rumbunan bayanai na intanet kamar MusicBrainz ko Gracenote ko GnuDB. Idan faifan sananne ne a Turai ko Amurka, nan take sunaye da hoton bango za su fito. Amma tafsirin da aka ɗauka a wani masallaci a Tafo aka buga a faifan CD-R, wato faifan da ake saya babu komai a kai a ɗora masa sauti da kwamfuta, babu wanda ya taɓa shigar da shi can. Ko dai a ba ka waƙa ta 1, waƙa ta 2 ba suna, ko kuma, wanda ya fi ɓata rai, lambar ta yi karo da ta wani faifan, ka ga karatun malaminku ɗauke da sunan wani makaɗin da ba ka taɓa jin labarinsa ba.

Wannan ne ya sa ba na ba ɗan Zango shawarar sayen akwatunan nan masu yin komai da kansu, irin su Bluesound Vault ko Brennan ko Innuos. Kaya ne masu kyau, sautinsu ba laifi, ka zura faifai su juye su adana. Sai dai duk daɗinsu ya dogara ne a kan faifanka yana cikin rumbun intanet. In ba ya ciki, gyaran sunaye ɗaya bayan ɗaya ta ƙaramin allo ko ta waya aiki ne mai cin rai. Ga tsada, ga kuɗin fito, kuma ranar da ramin faifan ya lalace, samun mai gyara a Adum ba abu ne mai sauƙi ba. Wanda yawancin tarinsa faifan kamfani ne na ƙasashen waje, kuma aljihunsa zai ɗauka, shi kam zai more su.

Sauranmu, kwamfuta da na'urar karanta faifai sun fi mana. Na'urar iri biyu ce. Akwai siririya mai igiyar USB, mai araha, ana samunta a shagunan kwamfuta. Tana aiki, amma wutar da take ja daga kwamfutar cinya kan gaza mata, sai ta riƙa tsayawa a tsakiyar faifai. In za ka saye ta, nemi mai igiya mai kai biyu. Akwai kuma babba irin ta cikin kwamfutar tebur, ta LG ko ASUS ko Lite-On. Ita na fi so, don ta fi haƙuri da faifan da ya sha hannu. Tsohuwar kwamfutar ofis da aka riga aka yi amfani da ita, irin Dell OptiPlex ko Lenovo ThinkCentre, sau da yawa da na'urar karanta faifai take zuwa, ka ga an huta da saye biyu. Kuma mallakar na'ura biyu ba almubazzaranci ba ne: faifan da ɗaya ta ƙi, sau da yawa ɗayar takan karanta.

Batun manhaja ba ya bukatar dogon zance. Exact Audio Copy kyauta ce a Windows, tana maimaita karanta wurin da ya karce har ta gamsu, sai dai saita ta na son natsuwa. dBpoweramp ta kuɗi ce, ta fi sauƙin sha'ani da sauri. Mai Mac ya ɗauki XLD, ita ma kyauta. Dukkansu suna amfani da AccurateRip, wato gwada abin da ka juye da na sauran mutanen da suka juye faifan iri ɗaya. A faifanmu na gida ba za ka sami wannan tabbacin ba tunda ba kowa ya juye su, don haka ka kunna tsarin karantawa sau biyu a gwada. Kafin ka zargi na'ura kuma, goge faifan da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa gefe, ba a kewaye ba. Ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta sa waƙa tsalle.

Adana abin da ka juye a nau'in fayil ɗin sauti da ake kira FLAC. Ba ya zubar da komai daga sautin, yana rage girman fayil zuwa kusan rabi, kuma yana riƙe sunaye da kyau, har da ɓ da ɗ da ƙ da rubutun Larabci. WAV, wani nau'in fayil da ba a rage masa girma, na cin kusan megabait 10 a kowane minti, ga shi riƙon sunayensa ba abin dogaro ba ne. MP3 ya dace da waya da mota, kuma kullum kana iya fitar da shi daga FLAC, amma ba a komawa baya. Diski mai terabait 1 zai ɗauki faifai sama da 2,000 a FLAC, saboda haka wuri ba shi ne damuwa ba.

Gyaran sunaye shi ne ainihin aikin, kuma nan nake roƙon a ba shi lokaci. MusicBrainz Picard tana iya gano waƙa ta hanyar sauraron sautinta, tana da amfani ga waƙoƙin da suka shahara. Ga namu kuwa Mp3tag ce abokiyar tafiya, kyauta a Windows, kana zaɓar fayil 60 ka rubuta musu sunan malami a lokaci guda. Abu uku ke wargaza rumbu. Na farko rubuta suna iri-iri: yau Sheikh, gobe Shehu, jibi Shaikh, sai na'ura ta ɗauka mutum uku ne. Zaɓi ɗaya ka rubuta a littafi, duk gidan a bi shi. Na biyu barin gurbin Album Artist, wato sunan mai kundin gaba ɗaya, fayau. Faifan da ya tara mawaƙa da yawa sai ya tarwatse ya zama kundi goma, alhali cike gurbin da suna ɗaya ya isa ya haɗe su. Na uku lambar jeri. Sa wa surori 001 zuwa 114, in ba haka ba za ka ga ta 10 ta riga ta 2. Tafsiri kuma ka sa shekara da daren azumin da aka yi shi, don jikokinka ba za su san wannan ba in ba ka rubuta ba. Hoton bango, ɗauke shi da waya ka ajiye a cikin jakar kundin da sunan cover.jpg.

Na'urar da za ta zama rumbun, waccan tsohuwar kwamfutar ta isa. Ɗora mata manhajar Navidrome, mai raba wa wayoyin gida abin da ke rumbun, in sauti kaɗai kake so, ba ta da nauyi. Jellyfin in har da bidiyon VCD ɗin. Dukansu kyauta ne. Raspberry Pi, wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu, ba ta shan wuta sosai, amma katin SD ɗinta kan lalace idan aka ɗauke wuta ba zato, mu kuwa mun san dumso, wato yawan ɗauke wuta. Synology, akwatin adana fayiloli na musamman, ta fi tsari, ta fi tsada, kuma ba ta da ramin faifai, dole dai ka juye a kwamfuta.

Kuɗin da ka rage daga akwatin tsada, ka kashe su a kan UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, da diski na biyu da za ka riƙa kwafe komai a ciki, ka ajiye shi a gidan ɗan'uwa. Ka fara juye faifan CD-R, masu gindi kore ko shuɗi, don zafi da hasken rana sun fi saurin cinye su, kuma wasu karatuttukan da ke kansu mai yiwuwa babu su a ko'ina. Ranar sayen na'urar, tafi da faifanka biyu, lafiyayye da karcacce, ka roƙi mai shago ya bari ka juye waƙar ƙarshe ta kowanne a gabansa, domin waƙar ƙarshe a gefen faifai take, kuma gefen ne ya fi wahalar karantawa.